Ranar da Kong Ya Zo Minna

Dakta Munzali yana da wata 'yar ɗabi'a da bai taɓa gaya wa kowa ba, har Saudatu matarsa. Kullum da safe, kafin shayinsa ya huce, sai ya ɗauki waya ya rubuta sunan Kong a intanet, ya ga inda Kong ya kwana. Yawancin mazan da suka ba arba'in baya, irinmu, hawan jininsu suke aunawa da safe. Shi Munzali abin da ke tayar masa da jinin yake dubawa.

Kong mutumin Sin ne, ɗan Chana kamar yadda ake cewa a gari, kuma masanin lissafi ne, irin lissafin da ya fi ƙarfin alli da allo sai an haɗa da kwamfuta. Tare suka yi digirin dakta a wani gari mai sanyi a arewacin ƙasar Sin, teburinsu na jingine da juna a ɗakin da tagarsa ba ta rufuwa da kyau. A lokacin Munzali ne ke gyara wa Kong Turanci, kuma sau da yawa shi ke fara hango inda kuskure ya maƙale a lissafi. Kong da bakinsa ya sha faɗar haka.

Da suka gama, Kong ya tafi Jamus, daga can ya wuce Amurka, ya dawo gida aka ba shi ɗalibai, aka ba shi bene, daga baya aka ba shi wata kwamfuta da ta cika zaure guda, wadda da ruwa ake sanyaya ta. Da ita yake lissafa yadda iska ke bin fiffiken jirgin sama da yadda kogi ke ɓalle gaɓarsa. Akwai wata dabarar lissafi da yanzu ake kira da sunansa. Munzali kuwa ya dawo Minna koyarwa a jami'a, aka ba shi 'yan aji ɗaya cike da zauren lacca, da lasifika mai shaƙewa, da kujera a kwamitin tsara jadawalin jarrabawa. A kwamitin ma an taɓa kiran wani tsari da sunansa, amma ba yabo ake nufi ba.

Duk da haka bai saki komai ba. Gidansa a Barkin Sale yake, kusa da rafin da duk damina yake cika ya shiga gidajen mutane ba sallama. Shekara da shekaru Munzali yana ƙoƙarin koya wa kwamfuta ta faɗi inda ruwan zai bi kafin ya bi. Yadda ake yi shi ne ka shimfiɗa wa taswirar unguwa raga kamar ta masunta, kwamfuta ta riƙa lissafa ruwan da ke fita daga kowane ido na ragar ya shiga na kusa da shi. Idan idanun manya ne, aikin yana sauri amma ƙarya ta yi yawa, don gida da kwata da masallaci duk sai su faɗa ido ɗaya. Idan ka ƙanƙanta idanun, gaskiya takan matso kusa, amma a nan ne yawancin dabaru ke haukacewa. Lambobi su yi ta kumbura har kwamfuta ta ce ruwan ya shanye duwatsun da suka kewaye Minna. Munzali yana ganin ya gano hanyar da za ta hana wannan hauka. A manyan idanu ta yi aiki. A ƙanana bai taɓa gwadawa ba, don tsohuwar laftof ɗinsa makonni za ta ɗauka.

Bara, wata rana da ɗalibai suka ɓata masa rai fiye da kullum, ya taƙaita dabarar a shafi biyu ya tura wa Kong, mutumin da shekaru suka wuce ba abin da ke haɗa su sai gaisuwar sabuwar shekara. Bai sa ran amsa ba. Amsar ta zo. Kong ya ce zai halarci wani taro a Abuja, kuma zai ware yini guda ya zo Minna. Abu ɗaya yake so ya gani da idonsa: dabarar ta riƙe a ƙaramar raga. Idan ta riƙe, akwai kujera ɗaya ta baƙon masani a cibiyarsu baɗi, da damar aiki da babbar kwamfutar, kuma da ya koma gida zai miƙa sunan wanda za a ba.

A gidan akwai batirin sola guda ɗaya, kuma firizar Saudatu ce ke shan sa, wadda take daskarar da zoɓo da kunun aya na sayarwa. Batirin ba zai ɗauki firiza da laftof da fanka dare da rana ba.

"Wato ni da zoɓona mu koma gefe," in ji Saudatu, tana kallonsa yana zare filogin.

"Na ɗan lokaci ne, Maman Nana."

"Haka ka ce da za ka tafi Chana. A ɗan lokacin nan Nana ta yi haƙora ta fara zubarwa."

Amma da hannunta ta ɗauko bulo biyu ta ɗora laftof ɗin a kai don iska ta riƙa bi ta ƙasa, a kan murfin firizar da aka kashe. Fankar gidan guda ɗaya aka juya ta tana fifita na'ura, mutane suna gumi. Munzali ya duhunta fuskar laftof ɗin, wai don kada ta ci wuta. Makonni tana gurnani a lungun falo kamar mara lafiyar da aka hana a dame shi. Ana gobe Kong zai zo, gurnanin ya tsaya. Munzali ya haska fuskar, ya ga layi ɗaya da ke cewa aiki ya kammala. Ya kai yatsa zai buɗe sakamakon, sai ya janye. Ya gaya wa kansa ai ya fi kyau su buɗe tare da Kong, kamar yadda suke yi a da, kai biyu a gaban allo ɗaya. Ya rufe murfin ya sa a jaka. Hujjar ta yi masa daɗi sosai, har ya kusa yarda da ita.

Kuskurensa na farko shi ne neman izinin barin aji ranar da Kong zai zo. Shugaban sashensu, Farfesa Ndayako, ya cire tabarau ya dube shi.

"Dakta, farfesa guda daga Chana zai shigo garin nan, kai kuma ka sa shi a aljihu? Ka san me za a ce a kaina idan aka ji?"

"Ranka ya daɗe, ziyarar aiki ce kawai. Awa biyu muke bukata, ni da shi."

"Za ku samu awa biyunku. 'Yar gaisuwa ce kawai, a sha ruwa, a ɗauki hoto."

Kuskurensa na biyu ba shi da yadda zai kauce masa. Ya gaya wa mahaifiyarsa, Hajiya Kubura, a gidansu na Tudun Wada.

Kong ya iso da hantsi a motar masu taron, da direba da ɗan sanda a gaba. Tun kafin a gama gaisawa direban ya ja Munzali gefe ya ce masa, da la'asar za su kama hanya, shi ba ya yarda duhu ya same shi tsakanin Minna da Suleja da baƙon waje a mota. Kong ya fito yana miƙe baya, hanyar ta jijjiga shi. Ya yi furfura, ya ɗan rage tsawo, amma irin rigar nan tasa ce mai zif, da ƙaramin fulas ɗin ruwan zafi a hannu. Suka rungumi juna a ɗarare, irin rungumar mazan da suka manta wane ne ya fi wani ƙiba.

"Mun," in ji Kong, don haka yake kiransa tun can. "Ka tsufa."

"Kai ma ba ka tsaya jira na ba."

Idon Kong ya sauka kan jakar da ke kafaɗar Munzali, ya ɗan tsaya, ya wuce. Munzali ya gani. Amma mutumin da ya sauko daga wannan hanyar, ko ruwa bai sha ba, ba za ka tare shi da aiki a bakin mota ba. Ya ce a ransa, bari a sha ruwa tukuna.

Ruwan da aka sha ya zo da ƙyalle mai hoton Kong an rataye a ƙofar sashe, da kujerun roba jere, da mai gabatarwa. An yi addu'ar Musulmi, an yi ta Kirista. An gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya miƙe ya ɗaga hannu, har da wanda ya shigo neman makullin ɗakin taro. Sannan Farfesa Ndayako ya karanta tarihin Kong daga takardun da aka sauko da su daga intanet: makarantun da ya yi, ƙasashen da ya zauna, lambobin yabo, ƙungiyoyin da suka ɗauke shi mamba. Munzali yana zaune a layi na biyu, jaka a kan cinya, yana bin karatun a zuci kamar mai sauraron hadda. Sau biyu ya kama kuskure, an musanya shekarar Jamus da ta Amurka. Ya ji kunyar cewa ya sani.

Da aka ba Kong lasifika, bai yi dogon bayani ba. Ya ce a ɗakin da suka yi karatu, Munzali ne ya fi kowa kaifin ido. Aka yi tafi, irin tafin da ake wa baƙo idan ya yabi abincin da kowa ya san gishiri ya yi masa yawa.

"Mu ma shaida ne," in ji Farfesa Ndayako. "Duk jami'ar nan babu mai tsara jadawali kamarsa."

Daga nan aka ce ba zai yiwu baƙo ya shigo bai gai da shugaban tsangaya ba. Shugaban tsangaya yana wani taro, aka jira shi. Da ya fito ya ce ba zai yiwu baƙo ya tafi bai dasa itace ba. Aka nemo dashen mangwaro, aka nemo shebur, aka nemo mai hoto da ya ɓace.

A kan hanyar zuwa wurin dashen ne, a wata baranda, suka samu kansu su biyu, jama'a sun ɗan yi gaba. Kong ya rage murya.

"Aikin fa? Yana tafiya?"

Shekara da shekaru Munzali yana jiran wannan tambaya. Amma bakinsa ya riga ƙwaƙwalwarsa, ya ba da amsar da aka koya masa tun yana yaro, wadda ake bayarwa idan an ajiye wa baƙo kwanon da aka kwana ana shiryawa.

"To, ɗan abin da ba a rasa ba ne. Ba wani abin kirki ba."

Ya jira a sake tambayarsa. A inda Munzali ya tashi, idan mutum ya ce abinsa ba na kirki ba ne, sai ka sake tambaya, ka nace, shi kuma ya fito da shi kamar an tilasta masa. Kong ya gyaɗa kai a hankali, shi ma yana jira. Munzali ya zauna a ƙasarsu Kong shekaru, ya kamata ya tuna cewa Kong ba ya tambayar abu sau biyu idan yana zaton amsar za ta kunyata mutum. Yakan bari mai abu ya miƙo da kansa. Suka tsaya a barandar, kowa ya buɗe wa ɗan'uwansa ƙofa yana jira ya fara wucewa, har mai hoto ya leƙo ya ce rana tana yi, a zo a dasa.

Azahar ta kusa lokacin da suka isa Tudun Wada. Munzali ya yi niyyar su gaisa a tsaye su wuce Barkin Sale, ya nuna wa Kong rafin, su zauna a falo su buɗe laftof. Da ya ga an share ƙofar gida an yayyafa ruwa, an shimfiɗa darduma sabuwa a zaure, ya san niyyarsa ta mutu.

Hajiya Kubura ta fito da sandarta. Ta daɗe tana kallon Kong.

"Shi ne?"

"Shi ne, Hajiya."

"Gaya masa na san shi. Gaya masa shekarar da ka kwanta ciwon haƙarƙari a garin sanyin nan, ba ka da kowa, an ce mini shi ya cire rigar jikinsa ya ba ka, shi ya riƙa kai maka romo asibiti. Tun ranar nake roƙon Allah kada ya ɗauki raina sai mutumin nan ya ci abinci a gidana."

Munzali ya fassara. Kong ya sunkuyar da kai ƙasa sosai, ya ce abu kaɗan ne, ya ma manta. Munzali ya fassara wannan ma. Wane ɗa ne zai dubi agogo a nan?

Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, aka kawo farfesun kayan ciki, da dambun nama, da fura a ƙwarya. Yaya Sharif, wan Munzali, wanda ke da shagon ɗinki a bakin layi, ya shigo da tef a wuya, ya sa Kong ya miƙe tsakanin tuwo da fura ya auna kafaɗarsa.

"Kaftani zan yi masa, yanzun nan. Yadin yana shago, na riga na yanka, tsawon kawai nake so."

"Yaya, ba lokaci."

"Kai dai likitan lissafi, ci gaba da fassara. Tambaye shi, su ma a can likitan lissafi ba ya duba ko zazzaɓi? Mu namu shekara nawa, ko maganin mura bai taɓa rubuta mana ba."

Kong ya yi dariya da aka fassara masa, ya ce su ma haka ne, mahaifinsa har ya rasu bai gane aikin da yake yi ba.

Can da Kong ya ɗan tsagaita da ci, Munzali ya jawo jakar ya ɗora a cinya, ya kama zif a hankali. Ƙarar zif ɗin ba ta da yawa, amma Hajiya ta ji.

"Munzali."

"Na'am, Hajiya."

"Ajiye jakar nan. Mutum yana cin abinci a gidana za ka ɗora masa aiki? Haka aka yi maka a nasu gidan?"

Ya ajiye. Kong bai ji Hausa ba, amma ya ga an kama zif an saki, ya ga fuskar Munzali, ya mai da idonsa kan ƙwaryar fura.

Aka kira sallah. Mazan suka fita masallacin ƙofar gida, aka bar Kong shi kaɗai a zaure, jakar tana jingine da gwiwarsa. Allah ya yafe wa Munzali sallar nan. Tun daga kabbara har sallama abu ɗaya yake roƙo, Kong ya yi rashin ta-ido sau ɗaya a rayuwarsa, ya buɗe jakar da ba tasa ba. Da suka dawo, Kong yana zaune yadda aka bar shi, ya ma ɗan matsar da jakar gefe don kada wani ya taka.

Kaftanin bai kammala ba sai da inuwa ta fara tsawo. Dole a gwada, dole a sa hula, dole Hajiya ta gani ta sa albarka, dole maƙwabta su shigo su ga ɗan Chana a cikin shadda. Direba ya fara danna hon a hankali, irin na mai ladabi. Barkin Sale ta fita daga lissafi. Abin da ya rage wa Munzali shi ne rakiya. Daga Tudun Wada zuwa bakin gari akwai 'yar tafiya, ga cunkoson keke-napep. Idan ya zauna kusa da Kong a bayan mota, ya buɗe laftof a cinya, ko a gurguje ne za a ga abin da za a gani.

Farfesa Ndayako, wanda ya biyo su cin tuwo, shi ya fara shiga bayan motar, don ba zai yiwu shugaban sashe ya bar baƙon sashe ya fita gari ba rakiya ba. Yaya Sharif ya shiga ta ɗaya ƙofar da allura a baki, saura maɓalli biyu a wuyan kaftanin, zai ƙarasa a hanya. Gaba kuwa ɗan sanda ne. Munzali ya tsaya da jakarsa a bakin kwata.

"Dakta, bi mu a motata," in ji Farfesa Ndayako ta taga. "Ga makulli. Ka kula da birkin."

Haka ya bi su a baya, yana kallon ƙeyar Kong da sabuwar hula ta gilashin motar gaba, laftof tana zaune a kujerar mai zaman banza, ya ma ɗaura mata bel.

A wajen gadar Chanchaga suka tsaya, inda masu rakiya ke juyawa. Aka fito ana musabaha. Kong ya kama hannun Munzali ya ja shi 'yan taku kaɗan daga jama'a, zuwa gefen titi inda ake hango ruwan kogin, ja da laka. Jakar tana kafaɗar Munzali.

"Mun, na gane," in ji Kong. "Ba sai ka faɗa ba."

"Me ka gane?"

"Tun safe na ga ba ka son a yi maganar. Kada ka damu. Ƙaramar raga ta kayar da mutane da yawa. Ni ma ta taɓa cinye mini shekara biyu, ba wanda na gaya wa." Ya gyara hular da ke zame masa. "Kujerar zan ba wata yarinya da na gani a taron Abuja, aikinta ya nuna. Kai kuma ba ka yi asara ba. Na ga ɗalibanka, na ga wanka, na ga mahaifiyarka. Tawa ta rasu ina Amurka, ina jiran wani lissafi ya gama. Yau na ci abincin uwa. Ban zo a banza ba."

Maganar da za ta gyara komai gajeriya ce. Yana nan a jaka, ya gama jiya. Munzali ya ji ta a kan harshensa. Amma faɗarta na nufin ya ce wa baƙo ya yi kuskure, bayan baƙon ya gama rufa masa asiri da kyakkyawar zuciya. Na nufin ya tsayar da baƙon farfesa a bakin titi cikin kaftani, tireloli suna wucewa, direba yana kallon rana, shugaban sashe da Yaya Sharif suna leƙe. Kuma can ƙasa da duk wannan akwai wani abu da bai so ya duba: shi kansa bai san me ke cikin jakar ba.

"Allah ya kiyaye hanya," in ji shi da Hausa. Sannan ya tuna ya faɗa da Turanci.

Motar ta hau gada ta tafi. Yaya Sharif ya ce maɓallin ƙarshe bai zauna daidai ba, amma daga nesa ba za a gane ba.

Kafin Munzali ya isa Barkin Sale ya gama rubuta ƙarar kowa a ransa. Ya shiga gida rana ta yi ja, ya jefa jakar kan kujera. Saudatu tana tsinke zoɓo a tire.

"Abban Nana, sannu da dawowa. To, ya gani?"

"Ina zai gani? An bar shi ya gani ne?"

Ya fara. Ya fara da Farfesa Ndayako da ƙyallensa, ya bi ta kan mangwaro, ya zo kan kaftani. Hajiya kawai ya tsallake, ita ma da ƙyar. Ya ce garin nan idan ka kawo mana mutumin da zai hana ruwa cin gidajenmu, za mu cika masa ciki, mu ɗinka masa riga, mu raka shi bakin gada, mu dawo mu jira ruwan. Ya ce shekarunsa duka an cinye su da gaisuwa. Ya ce da a wata ƙasa aka haife shi, da yanzu wani ne ke duba sunansa da safe. Wannan ta ƙarshen ta kuɓuce masa ne, amma Saudatu ba ta ɗago ba. Rabonsa da ya yi magana mai daɗin wannan tun yana saurayi. Baƙin cikin gaske ne, amma akwai wani sanyi a cikinsa, na mutumin da a ƙarshe ya samu waɗanda zai ɗora wa laifin rayuwarsa, kuma duk yana da lambar wayarsu.

Saudatu ta bari ya gama. Ta miƙe ta kwashe bulo biyun daga kan firiza, ta mai da filogi. Firizar ta yi tari ta kama gurnani.

"Ni ban san aikinku ba," ta ce. "Amma abin nan ba ya tafiya ta waya ne? Ko Suleja ba su kai ba. Ka tura masa mana, ya gani a mota."

Munzali ya dubi jakar. Yini guda, da digirinsa na dakta, wannan bai zo masa ba. Ko kuma ya zo ya kore shi, Allah ne masani.

Ya zauna a bakin kujera, ya zuge jakar, wannan karon ba mai hana shi. Ya ɗaga murfin. Layin nan yana nan, aiki ya kammala. Saudatu ta zo ta tsaya a bayansa, hannunta ja da zoɓo. Ya buɗe sakamakon.

Taswirar Barkin Sale ta fito fara fat, ba rafi, ba kwata, ba gida. A kowane ido na ragar, daga sama har ƙasa, alama ɗaya ce, wadda kwamfuta ke sawa idan lamba ta kumbura ta wuce abin da za a iya ƙirgawa. Ya gangara baya yana neman inda abin ya fara, ya yi ta gangarawa har ya kusa kaiwa farkon shafi.

Lissafin ya watse ne tun yammacin ranar da aka kashe firiza.